Yaran jardan da ke baya: ta ina ake fara tallafi mataki-mataki a aji mai cunkoso?

Malamar jardan (makarantar ƙananan yara kafin firamare), Tawa:
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ina koyar da ƴan shekara biyar, waɗanda za su shiga CI (ajin farko na firamare) baɗi, kuma yaran ajina sun haura hamsin. Shida daga cikinsu har yanzu ba sa iya ƙirga tsakuwa biyar ba tare da sun tsallake ɗaya ba, kuma idan na ba da tatsuniya na tambaye su abin da ya faru, sai su zuba mini ido kawai. A wani taron horo an yi mana bayanin tsarin tallafi mai matakai uku, amma abin ya fi kama da na makarantar da ke da malamai biyu a kowane aji. Ina roƙon wanda ya san tsarin ya nuna mini inda zan fara, tun da ni kaɗai ce a ajin.

Tsohon mai ba malamai shawara, Yamai:
Wa alaikumus salam, ɗiyata. Tsarin daga Amurka ya fito, ya kuma yi ƙarfi bayan 2004, lokacin da aka sabunta dokarsu ta ilimin yara masu buƙata ta musamman, aka yarda makarantu su duba yadda yaro ke karɓar taimakon da aka ba shi kafin a yanke cewa yana da matsalar koyo. Matakin farko shi ne koyarwa mai kyau ga dukan aji, wadda ake sa ran za ta wadatar da kusan kashi 80 cikin 100 na yara. Na biyu ƙarin darasi ne ga ƙaramin rukuni, wajen kashi 15, na uku kuwa kulawa ce ta yaro ɗai-ɗai ga wajen kashi 5. Waɗannan alƙaluma ma'auni ne na fahimta kawai, amma suna da amfani guda: idan kika gwada ajin duka kika ga rabinsa ba ya iya ƙirgan nan, to gyaran yana matakin farko, kuma ware yara shida ba zai magance komai ba.

Saboda haka ki fara da gwada kowa. Ki buɗe kaye (littafin rubutu), kowane yaro da layinsa, ki riƙa kiran biyar a rana su ƙirga marafan kwalba, su nuna sunansu a allo, su maimaita gajeren labari. Idan shidan ne kaɗai suka rage, ki zaunar da su kan tabarma kusa da ke minti goma sha biyar, sau uku ko huɗu a sati, lokacin da sauran ke zane. Abin da aka koya da safe shi za ki maimaita musu, a hankali, kowa ya taɓa da hannunsa ya kuma faɗa da bakinsa. Bayan sati takwas zuwa goma ki sake gwajin nan dai. Wanda ya kamo sai ya koma cikin jama'a, domin matakin sunan taimako ne, ba sunan yaro ba.

Ma'aikaciyar lafiya a CSI (ƙaramin asibiti), Tawa:
Baba ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ni da kunne zan fara, Malama. Yaron da kunnensa ke zubar da ruwa, ko wanda ya taɓa yin sanƙarau, yana iya rasa wani ɓangare na jinsa ba tare da iyaye sun lura ba, kuma a aji mai hayaniya shi ne ake cewa ba ya da kai. Ki tsaya bayansa ki kira sunansa da murya ƙasa-ƙasa. Idan sai ya ga bakinki yake amsawa, ki ce wa mahaifiyarsa ta kawo shi likita tun kafin a kai ga wani mataki. Haka nan yaron da ke fama da ƙarancin jini bayan zazzaɓin damina, ko wanda ya zo bai karya ba, gyangyaɗi zai yi komai kyan darasi.

Daraktar makaranta, Yamai:
Ƴar'uwa, ki bincika harshen da ake yi a gidan kowannensu. A Tawa akwai yaran da Tamajaq ko Fulatanci suka tashi da shi, ga Hausa a fili, ga Faransanci a aji, kuma shirun irin wannan yaro ba alamar rauni ba ne. Ki sa yayarsa ko wata uwa ta yi masa gwajin da harshensa.

Inda na ɗan bambanta da Baba shi ne mataki na uku. A inda tsarin ya fito akwai masu gyaran magana da masana halayyar yara da ake turawa wurinsu, mu kuwa galibi malama ce da iyaye, don haka ba na son a yi wa uwa alkawarin abin da babu. Abin da muke yi shi ne mu kira ta, ba a gaban sauran mata ba, mu nuna mata kayen, mu roƙe ta ta riƙa sa yaron ƙirga ludayi da kwanoni lokacin wanke-wanke. Sannan a ƙarshen shekara ki miƙa shafin yaron ga malamin CI hannu da hannu, don kada ya fara lalube daga farko a watan Oktoba.