Mitmproxy na saka header a Chrome amma app ɗina ya ƙi bi

Ɗan_Jekadafari:
Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Wani app nake haɗa wa wani mai kemis nan cikin Gombe, so nake duk buƙatar da ta fita daga waya in liƙa mata header ɗaya (ɗan layin bayani da ke tafiya a kan buƙata) a hanya kafin ta kai saba (server, kwamfutar da ke amsa wa app ɗin), don sabar ta gane gwaji ne kar ta taɓa lissafin kaya na gaske. Na sa mitmproxy (manhajar da ke shiga tsakanin waya da saba ta ga buƙatu ta kuma iya sauya su) a laftop na rubuta wannan:

def request(flow):
    flow.request.headers["X-Gwaji"] = "1"

na ajiye shi a gwaji.py na tayar da mitmdump -s gwaji.py, a wifi ɗin waya na sa IP na laftop da port 8080 don buƙatun su bi ta can, satifiket ɗin mitmproxy da zai sa waya ta yarda da shi ma na sauke a mitm.it. Chrome na bi lafiya lau, app ɗin kuwa sai kuskuren TLS (tsaron haɗin https) yake ta zubo min, tun la'asar nake kai har NEPA sun ɗauke sun dawo.

Injiniya_Bolari:
Ƙanina ba laifin rubutunka ba ne. Tun Android 7 da ya fito a 2016, app ba ya yarda da satifiket ɗin da mutum ya sa da hannunsa sai an ba shi izini, Chrome ne ke yarda shi ya sa ya ruɗe ka. Tunda naka ne, ka yi network_security_config.xml, a ƙarƙashin debug-overrides ka ce a yarda da na user, ka nuna shi a manifest ka sake haɗawa. Amma na banki kar ma ka ɓata lokacinka, yawancinsu sun ɗaure satifiket ɗinsu a ciki, ba sa karɓar wani.

Maman_Hanif:
Ni abin da ya dame ni daban ne. Yadda ka rubuta ɗin nan duk shafin da wayar ta buɗe sai ya samu X-Gwaji ɗinka, har Facebook, ka tace da pretty_host (sunan shafin da buƙatar za ta je) mana. Sannan in header kaɗai ke raba gwaji da gaske, duk yaron da ya gano sunan zai iya turowa da curl (manhajar tura buƙata da hannu), a sayar da kwalin farasitamol goma littafi bai gani ba, wa zai biya Alhaji?

Ɗan_Jekadafari:
Yaya Injiniya Allah ya saka da alheri, ya tafi yanzun nan, ga header ɗin a log. Anti kin sa gabana ya faɗi wallahi, gobe zan tada sabar gwaji daban, yanzu dai batir saura 9.