Ƙanina ya je ɗauko 'yata a makaranta, ta ƙi bin sa

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Jama'a raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar da abin da ke cina. Jiya aiki ya riƙe ni, na roƙi ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya ya ɗauko mini 'yata, 'yar aji biyu. Yarinyar nan a hannunsa ta girma, amma ta toge a bakin ƙofa ta ce ba za ta bi shi ba, wai ban gaya mata da safe ba. Malamarsu ta goya mata baya, ta ce sai an same ni a waya, ni kuwa wayata a kashe. Haka ya tsaya iyaye na wucewa suna kallonsa kamar wanda ya zo satar yara. Da na tambaye ta a gida ta ce an koya musu ko wanda suka sani ne kada su bi shi sai da sanin iyaye, kuma in babba ya ce su riƙe sirri, su faɗa. Yau ko gaisuwata bai amsa ba. Wallahi makarantun nan lalata mana yara suke yi. Koya wa yaro kare kansa aikin gida ne, malamai su tsaya kan karatu.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Maman Biyu, don Allah ki janye kalmar lalata. Mu da ke aikin asibiti mun san yaran da aka yi wa lalata ta gaske, mun ga yadda iyayensu mata ke shigowa da su. Yarinyar da ta ce sai Mama ta sani ba a lalata ta ba.

Abban Yara: Haba Anti, kowa ya gane ɓata tarbiyya take nufi. Kada ki ɗora mata abin da ba ta faɗa ba.

Anti Nas: Ta rubuta ko ba ta rubuta ba? Wannan sakacin da baki shi ke sa in abin ya faru da gaske a rasa sunan da za a kira shi, sai a ce an ɓata yarinya, a rufe maganar, kunyar ta koma kanta, wanda ya aikata yana yawonsa. Kuma akasarin masu cin zarafin yara ba baƙi ba ne, mutanen da yaron ya sani ne ya kuma amince da su.

Kawun Yara: To ga shi nan an fito fili. Wato mu kawunnai mu ne masu lalatar? Ni na riƙe 'ya'yan yayata bayan rasuwar mahaifinsu, yau a ce in je makaranta a tsare ni a ƙofa?

Anti Nas: Yaya, ban ce kai ba, ban ce ƙaninta ba.

Kawun Yara: Ba sai kin kama suna ba, mun ji.

Malamar Firamare: Ku yi haƙuri in faɗi abin da muke koyarwa, tunda mu ake zagi. Babu malamin kirki da zai ce wa yaro kawunka mugu ne. Dokar ba ta kallon fuskar wanda ya zo, sanin iyaye take nema, domin ɗan shekara bakwai ba zai iya tantance nagari da mugu ba, amma zai iya riƙe ƙa'ida ɗaya. Muna sa su haddace cikakken sunansu da lambar wayar uwa ko uba. Muna fita da su fili mu shata layi biyu a matsayin titi, su tsaya, su duba dama da hagu, su saurara, sannan su tsallaka ba da gudu ba, saboda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Muna gaya musu wurin da kamfai ya rufe nasu ne, ba mai taɓawa ko kallo, sai likita ko mai yi musu wanka da sanin iyaye. Wanda na fi so shi ne na hannu: yaro ya ɗora tafinsa a takarda ya zagaye da fensir, a kowane yatsa ya rubuta babban da zai iya kai wa kuka. Sau da yawa kawu na cikin yatsun nan. Wani yaron kuma sai ya cike biyu ya tsaya yana kallon takardar, ka san wannan sai an sa masa ido.

Hajiya Babba: Malama, zancenki da daɗi. Amma ku da kuke koya musu cewa jikinsu nasu ne, wa ke zane su da bulala in sun makara? Jikana ya dawo da shatin bulala a gadon bayansa saboda bai yi aikin gida ba. Da safe a ce masa kada ka yarda kowa ya cutar da kai, da rana mai faɗar ya ɗauko tsumagiya. Wanne zai ɗauka?

Malamar Firamare: Hajiya, ni ba na duka, kuma ba zan ɗauki laifin kowane malami ba.

Abban Yara: Duka ai ba cutarwa ba ne, horo ne. Mu an doke mu, ga mu nan mun zama mutane.

Anti Nas: Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, sashe na 19, ta ce a kare yaro daga kowane irin cin zarafi, a hannun iyaye ne ko a hannun duk wanda aka ba amanarsa. Ƙasar Suwidin ta hana dukan yara har a cikin gida tun 1979.

Abban Yara: Sai ki kai naki can. Ni ɗana ba takarda ce za ta yi mini tarbiyyarsa ba.

Hajiya Babba: Alhaji, ba kai na tambaya ba, kuma kada ka fake da maganata. Ni ban goyi bayan duka ba ko a gida.

Kawun Yara: Har yanzu Anti ba ta ba kawunnai haƙuri ba.

Anti Nas: A kan me? Sai Maman Biyu ta fara janye kalmar lalata tukuna.

Maman Biyu: Ba zan janye ba, na san abin da nake nufi. Ke ba ki ga idon ƙanina ba.

Malamar Firamare: 'Yar uwa, da kin kira makaranta da safe, ko kin rubuta sunansa cikin waɗanda aka yarda su ɗauke ta, da duk wannan bai taso ba. Kun ce aikin gida ne, to gida nawa ne ake zaunar da yaro a gaya masa in ya ƙone a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20? Gida nawa ake gaya masa kada ya shiga ruwa ceton ɗan uwansa, ya ruga ya kira babba? Da yawa tsoratarwa kawai ake yi, a ce kada ka fita za a sace ka, shi ke nan.

Hajiya Babba: Yarinya, ki iya bakinki. Mun raini 'ya'ya tun kafin a haife ki, ba a aji muka koya ba.

Malamar Firamare: Allah ya huci zuciyarki Hajiya, ba da ke nake ba.

Abban Yara: Haka suke, raina iyaye ya zame musu jiki. Na makarantun kuɗi ma sun fi.

Malamar Firamare: A ta gwamnati nake koyarwa, Alhaji.

Shugaban Zaure: To jama'a ya isa haka. A matsayina na tsohon hedimasta bari in tattara. Abin da na fahimta shi ne kusan kowa ya yarda malamar yarinyar ta yi daidai, kuma kuskuren daga gida ya taso tunda ba a sanar da makaranta ba. An kuma ga cewa malamai na ɗauke da nauyin da iyaye da yawa suka sauke, don haka sun cancanci godiya. Kalmar da aka yi ta jayayya a kanta ba ta dace ba, muna fata za a janye. Maman Biyu ki kai ƙaninki ya gaisa da malamar a rubuta sunansa. Na rufe wannan batu.

Kawun Yara: Wane kowa, ranka ya daɗe? Ni ban yarda ba, Alhaji bai yarda ba.

Hajiya Babba: Malam Shugaba, ka tattara komai ka tsallake bulala, alhali rabin maganar a kanta aka yi. Gobe da safe zan je makarantar jikana da kaina in ga hedimastansu, kuma zan dawo nan in faɗi abin da ya ce, ko ka rufe ko ba ka rufe ba.