Sauya maganin tairod daga mai sunan kamfani zuwa wanda ya fi araha

Maman Sadiƙ:

Assalamu alaikum. Shekara 4 ke nan da likita ya tabbatar mini cewa tairod ɗina, wato halittar nan da ke gaban wuya, ba ta samar da isasshen sinadari, kuma tun daga lokacin nake shan Euthyrox mai maikirogram 100 kowace safiya. A makon jiya na zagaya kantunan magani uku ban same shi ba, a na huɗu kuma aka miƙo mini wani kwali da aka rubuta levothyroxine kawai, aka ce abu ɗaya ne, ga shi kuɗinsa bai kai na wancan ba. Na saya, amma har yanzu ban ɓalle ko ƙwaya ɗaya ba, domin ban manta da halin da na shiga kafin a daidaita mini magani ba, lokacin da nake lulluɓa da bargo a tsakiyar zafin Afrilu, gashina kuma yana bin mataji. Wanda nake da shi na kwana 5 ne ya rage. Ina roƙon masu sani su ba ni shawara.

Malam Mai Harhaɗa Magani:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da aka gaya miki gaskiya ne ta fuskar sinadarin da ke aiki, domin Euthyrox da Eltroxin da Synthroid duk levothyroxine ne, sunan kasuwa ne kawai ya bambanta. Inda ake samun bambanci shi ne kayan da ake cakuɗawa domin a dunƙula ƙwayar, kuma waɗannan suna iya ɗan shafar yawan abin da hanji yake tsotsa. A yawancin magunguna wannan ba abin damuwa ba ne, amma levothyroxine yana cikin waɗanda tazarar da ke tsakanin isa da yin yawa ƙarama ce ƙwarai. Saboda haka ne a shekarar 2007 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta tsaurara sharaɗi, ta ce dole ƙarfin ƙwayar ya tsaya tsakanin kashi 95 da 105 cikin ɗari na abin da aka rubuta a kwali har ranar ƙarewar wa'adinsa.

Shawarata ita ce kada ki bari maganin ya yanke, domin zama babu magani ya fi sauya kamfani haɗari nesa ba kusa ba. Ki duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, ki tabbata 100 aka rubuta, ki sanar da likitanki, sannan ki yi gwajin TSH, wato gwajin jinin da ke nuna ko maganin tairod ya yi wa jiki daidai, bayan mako 6 zuwa 8. Gwaji kafin wannan lokaci ba zai nuna ainihin hali ba, saboda maganin yana daɗewa a jini, sai kusan mako guda rabinsa yake fita.

Ummu Hafsa:

'Yar'uwa, ni na sauya shekara 2 da suka wuce, kuma gwajina bai motsa ba. Amma ba zan ce wanda ya ji canji a jikinsa tunani ne kawai yake damunsa ba. A Faransa a 2017 kamfanin da ke yin Levothyrox, wanda shi ma levothyroxine ne, ya cire sukarin madara daga ƙwayar ya sa wasu kayan haɗi a madadinsa, sunan bai canza ba, amma dubban mutane suka koka da kasala da jiri da zubar gashi, har aka dawo da tsohon haɗin na wani lokaci. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne ko mai sunan kamfani ma yana iya sauyawa. Ni dai na ɗauki hoton kwalin a wayata, duk wata shi nake nunawa a kanti, ba na yarda a ba ni na wannan kamfani yau, na wancan gobe.

Malam Mai Harhaɗa Magani:

Wannan dabarar hoton ta yi daidai, kuma a 2021 hukumar magunguna ta Birtaniya ta shawarci likitoci su tsayar wa mara lafiya samfuri ɗaya idan yana samun matsala bayan sauyi. Sai dai sau da yawa abin da ake ɗora wa sabon kwali laifin yadda ake sha ne. A sha da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa awa guda kafin koko ko shayin madara, a kuma bar awa 4 tsakaninsa da maganin ƙarin jini ko na kalsiyam. Zafi da laima suna rage masa ƙarfi, don haka kada a ajiye shi a kicin ko cikin mota. Idan kuwa akwai juna biyu, ko ciwon zuciya, ko an cire tairod saboda ciwon daji, to a ga likita tun kafin a sauya. Kuma idan kika ji bugun zuciya da rawar hannu da rashin barci, kada ki jira ranar gwaji.

Maman Sadiƙ:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba kwalin, akwai lambar rajista, kuma 100 ne. Ashe maganin ƙarin jinin da aka rubuta mini tare nake haɗiye su da safe, daga gobe zan mayar da shi bayan azahar. Na kira asibiti, ranar Litinin zan je da kwalayen biyu.