"Girman kai rawanin tsiya": wahala ce ke kwance shi ko ita ke naɗa shi?

Baban Yara: Jama'a, ga wata magana daga Littafin Mormon, littafi mai tsarki na mabiya cocin da ake kira Mormon, sashen Alma sura ta 32. An kori talakawan Zoramawa, wata al'umma a cikin littafin, daga wuraren ibadar da suka gina da hannunsu saboda tufafinsu ba na kirki ba ne. Annabi Alma, mai musu wa'azi, ya ce musu korar alheri ce, don ta saukar musu da kai har suka saurari wa'azi. Ni a ganina ma'anar karin maganarmu ke nan: mai girman kai tsiya na jiransa, ita za ta kwance masa rawanin.

Uwar Marayu: Malam, ba haka muka taso muka ji ba. Ana faɗarsa ne ga wanda ba shi da ko sisi, a miƙa masa kwanon tuwo ya kau da kai. Tsiyar ce ta naɗa masa rawanin. Wahala ba ta gyara kowa da kowa.

Ɗan Makaranta: Baba, Hajiya na da hujja a littafin da ka kawo. Alma 62:41 ya ce bayan dogon yaƙi zukatan mutane da yawa sun taurare, na wasu da yawa kuma sun yi laushi. Yaƙi ɗaya suka sha. Shugaban cocin Mormon na lokacin, Ezra Taft Benson ma, a jawabinsa na 1989 kan girman kai, ya ce akwai girman kan na ƙasa mai hangen na sama: hassada, gulma, rashin godiya.

Baban Yara: Na yarda. Amma ku dubi Joseph Smith, wanda ya kafa cocin. Daga Disamba 1838 zuwa Afrilu 1839 yana tsare a kurkukun Liberty a jihar Missouri, cikin tsananin sanyi, ana korar mutanensa daga jihar. Daga wannan ɗakin ya rubuta cewa kusan duk wanda ya ɗanɗana ɗan iko sai ya fara danne mutane. A can kuma, a imaninsu, Ubangiji ya gaya masa duk wannan zai zama masa darasi da alheri.

Uwar Marayu: To ai bai tsaya kan maƙiyansa kaɗai ba, ya juyo ya gargaɗi nasa shugabannin. Wannan shi ya zaɓa. Abin da nake tsoro, Malam, kada a je wurin mai jinya ko wadda ta binne ɗa a ce mata girman kanta ake karyawa. Wannan zalunci ne.

Ɗan Makaranta: Alma ma bai tsaya a wahala ba, Hajiya. A sura ta 32 aya ta 15 ya fifita wanda ya ƙasƙantar da kansa ba tare da talauci ya tilasta masa ba. Baba, yanzu wa za ka faɗa wa karin maganar, mawadatan da suka yi korar ko talakawan da aka kora?