Dan Allah ku taimaka, kaskon turarena sai tsagewa yake

Maman Haidar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni dai na ɗan fara koyon ginin yumɓu ne a gida nan Gwammaja, so nake in riƙa yin kaskon turaren wuta da 'yan tukwanen fulawa ina musu ado. Ƙanina ya samo min yumɓu, na kwaɓa na gina guda biyar da hannu, wallahi sun yi kyau har na ɗauke su hoto, na shanya a tsakar gida kafin la'asar uku sun tsage daga gindi har baki. Biyun da suka rage na saka a oven ɗin gas ɗina kusan awa biyu, sun fito kamar sun yi, ina zuba wa ɗaya ruwa ya narke ya koma taɓo. Ina kuskuren yake? Sannan wane irin fenti ake shafawa?

Hajiya Inna:
Wa'alaikumussalam. 'Yata rana ce ta kashe miki aiki, ga kuma hunturun nan da ake ciki. Waje ya bushe ya tsuke, ciki da sauran danshi, dole ya tsage. A inuwa ake shanya, cikin ɗaki ma, ki rufa masa leda ko tsumma kwana biyun farko, sai ya yi kamar sati sannan ya ga rana. Kuma kin sa tsingaro kuwa? Mu da muna yara kakarmu fasasshiyar tukunya take sa mu daka a turmi, a tankaɗe a zuba cikin yumɓun, wani lokacin har da ƙaiƙayi. Zallan yumɓu ba ya jure bushewa balle wuta. Ki jiƙa shi ya kwana, ki tsince tsakuwa, ki cuɗa sosai kamar kwaɓin alkubus har iskar ciki ta fita, kuma kar gindin ya fi jikin kauri da yawa.

Abban Sadiq:
Maganar oven ki bar ta Maman Haidar, na gida da ƙyar yake wuce digiri 250, shi kuwa yumɓu sai ya haura 600 yake zama tukunya. Busar da shi kawai kika yi. Ki je wajen masu sai da tukwane a Kurmi ki tambaya wa ke kawo musu, in za su yi gashi ki ba su naki su haɗa.

Ummu Salma:
Ni ina gasawa a fili bayan gidanmu da karan dawa da busasshen kashin shanu, amma sai na fara jera su gefen garwashi sun ɗumama a hankali, in ka cusa su cikin wuta kai tsaye ƙarar fashewa za ka ji. Ado kuma tun yana ɗan ɗanye ake yi, ya yi tauri amma farce na shiga. Ki mirgina totuwar masara ko murzajjiyar igiya a wuyan, ki shafa ruwan jar ƙasa, ki goge da dutse mai santsi har ya ɗau sheƙi. In an fito da shi da zafinsa a yayyafa ruwan makuba, wato na ɓawon ɗorawa, sai ya yi duhu mai kyau. Ladi Kwali ɗin nan da ke bayan naira 20 ma da hannu ta fara gini, tana zana kifi da ƙadangare a jikin tulu, tun kafin ta shiga makarantar tukwane ta Suleja a 1954. Fenti kuwa a na fulawa kawai, kuma ta waje. Kar ki shafa a cikin kasko, garwashi zai ƙona shi kiyi ta shaƙar wari a maimakon turare.

Maman Haidar:
Allah ya saka da alheri, wallahi har na ji ƙwarin gwiwa. Inna akwai wani tsohon tulu da ya fashe a kicin, gobe zan daka shi. Kamar yaya zan auna tsingaron?

Hajiya Inna:
Ki fara da kwano ɗaya a kwano huɗu na yumɓu, ki murza ɗan siriri ki lanƙwasa a yatsa, in ya karye ya yi yawa sai ki ƙara yumɓu.