Khal da lemon ƙara kuzari: me ya sa ruwan gwaji ke nuna launi ɗaya?

Ɗaliba SS2:
Assalamu alaikum malamai. Idan aka ɗiga ruwan zoɓo a kofin khal da kofin lemon ƙara kuzari, duka biyun ja suke yi, babu bambanci. Amma idan aka zuba khal a cikin lemon sai kumfa ta taso. Ashe ba alamar ɗaya ya kashe ɗaya ba ce?

Malamin Kemistiri:
Wa alaikumus salam. Babu wanda ya kashe wani, domin duka biyun asid ne. Khal na girki asid ɗin asetik ne kashi 5 cikin 100, pH ɗinsa (ma'aunin tsamin asid, ƙaramar lamba na nufin tsami ya fi yawa) wajen 2.4 zuwa 3. Lemon ƙara kuzari yawanci asid ɗin sitrik ne a cikinsa, irin na lemon tsami, pH kusan 3 zuwa 3.5. Kumfar da kika gani gas ɗin da aka cusa wa lemon a masana'anta ne, zubawar ce ta girgiza shi ya fito. Ki buɗe gwangwanin ya kwana, ko ki juya shi da cokali har gas ɗin ya ƙare, sannan ki zuba khal. Ba za ki ga komai ba.

Ma'aikaciyar Lab:
Ƙanwata, zoɓo ba zai raba miki su ba, shi kansa mai tsami ne, jajayensa suna nan a duk wannan zangon. Sai ya haɗu da kanwa yake juyawa ya yi kore mai duhu. Kurkum ma haka, rawaya yake zama a asid, sai pH ya haura 8 yake yin ja.

Jan kabeji ya fi. A yanka ganye 3, a zuba tafasasshen ruwa kofi ɗaya, a rufe minti 15, a tace. A khal zai yi ja, a ruwan sha ya yi shunayya zuwa shuɗi, a ruwan kanwa kore. Abin da ke ɓata gwajin shi ne launin lemon kansa, rawayar nan tana gauraya da jan har ido ya ruɗe. A sirka mililita 10 na lemon da mililita 40 na ruwa, a yi wa khal haka, a ɗora kofunan kan farar takarda, a sa ɗigo 20 na ruwan kabejin a kowanne.

Malamin Kemistiri:
Bambancin gaske yana wajen yawan asid, kuma launi ba ya nuna shi kai tsaye. Asid ɗin asetik mai rauni ne, abin da ke sakin haidirojin a cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, sauran yana ajiye. Shi ya sa ko an sirka khal ninki 10, pH daga 2.4 zuwa wajen 2.9 kawai yake matsawa.

Ki auna mililita 100 na kowanne, lemon wanda gas ɗinsa ya fita. Ki sa ruwan kabeji, ki riƙa zuba bekin soda kaɗan-kaɗan kina juyawa har jan ya koma shunayya. Khal zai ci kusan giram 7, wato cokalin shayi ɗaya da rabi. Lemon tun kafin ki kai rabin cokali ya sallama. Ki yi a babban kofi a buɗe, kada a kwalba mai murfi, don gas ɗin da ke fita na iya fasa ta.