Neman agaji: me za mu kira "elective surgery"?

Mai Shirin Lafiya: Salamu alaikum. Gobe da hantsi zan naɗi shiri kan yadda korona ta hargitsa aikin asibiti. A 2020 Ingila ta umarci asibitocin gwamnati su dakatar da "elective surgery", wato aikin tiyata da za a iya jinkirtawa, daga 15 ga Afrilu, aƙalla wata 3, don a samu gadaje da na'urorin taimakon numfashi. Masu bincike sun ƙiyasta za a ɗage aikin tiyata miliyan 28 a duniya cikin mako 12. Na rubuta "tiyatar zaɓi", amma ba ta kwanta mini ba.

Malamar Jinya: Don Allah Malam cire ta. Mai gwaiwa ko yanar ido ko maƙoƙo bai zaɓi komai ba, kuma har wasu ayyukan ciwon daji suna cikin rukunin. Mai sauraro zai ɗauka aikin ganin dama ne. Ban da batun gadaje, an ɗage su ne saboda zura bututu a maƙogwaro lokacin sa barci yana watsa ƙwayar cutar, kuma mai korona in aka yi masa aiki huhunsa kan rikice. Lokacin kullen Kano na ga dattijo mai ƙaba da aka ce ya jira. Ya dawo ciki a kumbure yana amai, hanji ya shaƙe, sai da aka yanke wani sashe. A ce "tiyatar sa rana". Kowa ya san abin da aka sa wa rana ba fasawa ake nufi ba.

Malamin Nahawu: "Sa rana" ta yi. Amma "tiyata" fa? Aro ce daga Turanci, asalinta ma sunan ɗakin da ake yin aikin ne. Muna da "fiɗa". Yaushe za mu daina raina namu?

Malamar Jinya: Ranka ya daɗe, je ka gaya wa tsohuwa gobe za a feɗe ta, ka ga ko za ta kwana a gadon. A bakin majinyata "aiki" ake cewa.

Malamin Nahawu: Amma "likitan fiɗa" kuna faɗa ba kunya!

Ɗan Maraɗi: Mu nan Faransanci ke shigo mana, ku Turanci, kowa da aronsa. Ni dai "aikin da ba na gaggawa ba" kowa zai gane.

Mai Shirin Lafiya: Ta yi tsawo, sau da yawa zan maimaita ta. Zan buɗe da ita a matsayin bayani, sannan in ci gaba da "tiyatar sa rana".

Malamin Nahawu: To, a je a haka don lokaci ya ƙure. Amma a rubuce "fiɗar sa rana" zan sa wa ɗalibaina.